Ruwan sama ko hazo, wanne ya fi jawo hatsari a titin Kano zuwa Kaduna? Furojet ɗina ya tsaya cak

Ummin_Abba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah taimako nake nema, kaina ya ɗau zafi wlh. Ina ajin ƙarshe a jami'a, jogirafi nake karanta, kuma furojet ɗina a kan yadda yanayi yake shafar tafiyar motoci da hatsari ne a titin Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna. Na sha zarya kafin na samu lissafin hatsarurruka na wata-wata na shekara biyar, da na zuba su a Excel sai na ga Disamba ta fi kowane wata yawa, shi kuwa Agusta da ake marka ana ruwa kamar da bakin ƙwarya yana can wajen ƙasa. Ni kuma sai murna, na ce shikenan na gano amsa, na rubuta babi na huɗu cewa hazon hunturu ya fi ruwan sama kashe mutane a hanya. Na kai wa malamin da yake duba aikina, bawan Allahn nan ya ja jan biro tun daga saman shafi har ƙasa ya rubuta "sake tunani", bai ƙara min ko kalma ɗaya ba, yanzu kuma ya yi tafiya sai bayan sati biyu zai dawo.

To ni ina kuskuren yake? Lissafin ai ba ni na ƙirƙira ba. Ko dai akwai wani abu da masu bincike na waje suka gano da ya saɓa wa nawa? Kuma in akwai direbobi a nan dan Allah ku faɗa min abin da kuke gani da idonku, don ni iyakata kujerar baya, in an fara ruwa sai dai na runtse ido na kama salati.

Baba_Mai_Sharon

Wa alaikumussalam 'yata. Ni ban yi boko mai nisa ba, ɗana ne ya nuna min rubutunki a waya ya ce Baba ga naka ya zo, ina faɗa yana rubutawa. Shekarata 26 ina jan mota a wannan hanyar daga Unguwa Uku zuwa Kawo, da J5 na fara yanzu Sharon ce a hannuna.

Malaminki bai zalunce ki ba. Ki zo tasha a watan Disamba ki ga yadda ake, motar da take sawu ɗaya a Agusta a Disamba biyu take yi wani ma uku, ga bukukuwa, ga 'yan kudu suna tafiya gida Kirsimeti, manoma sun sayar da amfanin gona kuɗi ya shigo hannu kowa ya tuna da ɗan uwansa na wani gari, tireloli kuma sun cika hanya da hatsi daga Dawanau. Direba ya kwana biyu bai runtsa ba saboda yana son ya kwashi rabonsa. A Agusta kuwa sai ka yi awa uku kana jiran lodi, kamasho ya yi kira har muryarsa ta dushe. To in motocin da ke kan titi sun ƙaru ai dole hatsari ya ƙaru, da hazo ko ba hazo. Kin ƙirga waɗanda suka faɗi ne ba ki ƙirga waɗanda suka bi hanyar ba.

Amma in kina son ki san abin da tsohon direba yake tsoro, ba markar Agusta ba ce, ruwan farko ne. Wata shida ko bakwai ba a yi ruwa ba, baƙin mai ya ɗiga, gas ya tsiyaya daga tankoki, ƙurar hunturu ta kwanta, tayoyi sun goge a kai, duk yana nan manne a kwalta. Ranar da yayyafi ya sauka sai ya dame shi ya zama kamar miyar karkashi. Wata shekara wajen watan biyar na taso daga Kano da rana tsaka, mun wuce Kwanar Ɗangora mun doshi Tashar Yari aka fara ɗan yayyafin da ko waifa ban kunna ba. Wata daf a gabana ta rage gudu, na ɗan taɓa birki, wallahi taɓawa kawai na yi, sai na ji sitiyari ya zama ba nauyi a hannuna, bayan mota ya juyo, sai ga ni ina kallon Kano inda na fito. Fasinja salati kawai suke, wata baiwar Allah kajinta biyu sun tashi sama a cikin mota. Allah ya sa babu mai bin bayana kusa. Da muka tsaya a gefe na fito, silifas ɗina ya zame saura kaɗan na zauna a ƙasa, na sa yatsa na shafi kwaltar, baƙi ƙirin kuma santsi kamar man kaɗanya. Tun daga ranar in na ga hadarin farko ya haɗo sai na faka na sha shayi, a bari a yi ruwa mai ƙarfi ya wanke titin tukuna. Fasinja su yi ta mita, ba komai.

Shi hazo da rana bai cika hana mu gani ba gaskiya. Matsalarsa da asuba ne da kuma bayan magariba, musamman in ya haɗu da hayaƙin masu ƙona daji suna neman gafiya. Ka kunna babbar fitila hasken ya dawo maka ido kamar farin bango, ka mayar da ita ƙasa kuma ba ka hango nesa. Ga tirela ta lalace a tsakiyar titi ba fitila ko ɗaya a bayanta, ganye kawai yaron mota ya karyo ya jera, ganyen ma ƙura ta rufe shi ya zama kalar titi. Wannan shi yake cin mutanenmu.

Sarkin_Zolaya

Anti Ummi ki kwantar da hankalinki, tsakanin hadari da haɗari ai 'yar lanƙwasa ce kawai a kan harafin d, ki rubuta wa malam haka a babi na biyar ya ba ki A ki huta 😂 Baba sannu da ƙoƙari, amma ni kajin nan nake tambaya, sun kai Kaduna lafiya?

Injiniya_MK

Malama Ummi sannu da aiki. Ni injiniyan hanya ne, kuma na ɗan taɓa irin wannan binciken lokacin da nake digiri na biyu. Abin da Baba ya faɗa miki a kyauta, shi wasu suka ci shekaru suna tabbatarwa da lissafi, bari na jero miki yadda abin yake, ki yi haƙuri zan yi tsawo.

Irin ramin da kika faɗa ba ke kika fara ba. Wani mai bincike a Amurka, Daniel Eisenberg, ya fitar da aiki a 2004 inda ya ɗauki bayanan hatsarin jihohin Amurka daga 1975 zuwa 2000. Da ya duba wata-wata, kamar yadda kika yi, sai ya ga watan da aka fi ruwa mace-mace a hanya raguwa suke yi. Da ya koma ya duba rana-rana sai labari ya juye, ranar da aka yi ruwa hatsari ƙaruwa yake. Abin da ya warware masa rikicin shi ne tazarar da ke tsakanin ruwa da ruwa: santimita ɗaya na ruwa yana ƙara hatsarin da ake rasa rai da kamar kashi 3 cikin 100 in kwana biyu ne rabon da a yi ruwa, amma in an haura kwana 20 ba a yi ba sai ya kai kamar kashi 9. Wato watan da ake ruwa kullum titi a wanke yake kuma direbobi sun saba, hannunsu ya faɗa. Ki lura wannan a ƙasar da kwana 20 ba ruwa ake kira dogon fari kenan. Mu a Kano daga Oktoba sai Mayu ko Yuni, ki auna abin da ya taru a kwaltar. Da ni ne ke wlh a nan zan kafa furojet ɗina gaba ɗaya, satin farko na damina.

Yadda ake kauce wa matsalar yawan motoci kuma, akwai dabarar da Jean Andrey ta jami'ar Waterloo a Kanada ta yi suna da ita. Ba a gwada Agusta da Disamba. Sai ki ɗauki Talatar da aka yi ruwa daga ƙarfe uku zuwa shida, ki gwada ta da Talatar satin da ya wuce ko mai zuwa, sa'o'in nan dai, wadda ba a yi ruwa ba. Rana ɗaya, lokaci ɗaya, kusan motoci iri ɗaya, abin da ya bambanta ruwa ne kawai. Da wannan hanyar ita da abokin aikinta suka duba biranen Kalgari da Edmonton, a aikin da suka fitar a 1993 suka samu hatsari ya fi da kamar kashi 70 cikin 100 a lokacin da ruwan yake sauka. A wajenmu sai ki kula da ranar kasuwa, kar ki haɗa ranar da kasuwar wani gari a kan hanyar take ci da ranar da ba ta ci, ki kuma cire satin Sallah. Babbar Sallah ta 2023 da 2024 da 2025 duk a Yuni ta faɗo, in ba ki cire ba sai ki ɗora wa ruwan sama laifin tirelolin raguna.

Ita hukumar manyan hanyoyi ta Amurka a lissafinta na 2007 zuwa 2016 ta ce kamar kashi 21 cikin 100 na hatsarurrukansu suna da alaƙa da yanayi, a cikin waɗannan kuma kashi 70 a kan jiƙaƙƙen titi suka faru, 46 ana cikin ruwa, hazo kashi 3 kacal. Amma kar ki kwafo wannan ki liƙa wa Kwanar Ɗangora, hazonsu na raɓa ne, namu ƙura ce da iska take kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, kuma namu wata uku zuwa huɗu yake yi yana zuwa yana tafiya.

Batun tafiyar motoci da kika ambata, ruwa mai ƙarfi yana rage yawan motocin da titi zai iya ɗauka a awa ɗaya da kashi 10 zuwa 30 a ma'aunin Amurkawan, saboda kowa ya rage gudu ya ƙara tazara. Shi ya sa da an yi ruwa gosulo yake haɗuwa a Na'ibawa ko Kwangila ba tare da an yi karo ba. Wani abin da ke rikita lissafi shi ne wannan rage gudun yana sa a samu ƙananan karo da yawa, a fasa fitila a lotsa bamba, amma ba lallai mutuwa ta ƙaru daidai da haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa in matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1, hatsarin da ake mutuwa yana ƙaruwa da kashi 4. To ki juya shi, in ruwa ya tilasta wa mutane rage gudu ya cece su ta wani gefen yana cutar da su ta wani. Dole ki raba hatsarin da aka mutu da wanda aka ji rauni da wanda mota ce kawai ta lalace, in kika cakuɗa su ba abin da zai fito.

Yanzu hazo. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, in ta ce ƙura ta yi kauri tana nufin ba a hango abin da ya wuce mita 1000, wannan ya isa ya hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, amma mota ba ta buƙatar mita 1000. Ki yi lissafin da kanki: mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa. Kafin ido ya gani ƙafa ta kai birki, a ce daƙiƙa ɗaya da rabi, mita 42 sun tafi. Birkin kansa a busasshen titi mai kyau wajen mita 56, jimla kusan 100. A jiƙaƙƙen titi birkin kaɗai zai iya cin kusan mita 100, jimla 140. Wanda ya ƙure maleji ya kai 120 kuwa a jiƙe yana neman mita 190. Ƙaramar fitila da dare mita 50 zuwa 70 take haskawa. Kin ga inda tirelar Baba mai ganye take shigowa. Ba hazon kaɗai ba ne, hazo ne da duhu da gudun da ya fi ƙarfin abin da ido yake hangowa. Shi ya sa ki nemi lokacin da kowane hatsari ya faru, ba ranar kawai ba.

Har ma akwai wata gardama mai daɗi a nan. A 1998 wasu masana a jami'ar Kadif ta Birtaniya sun sa mutane tuƙin gwaji a kwamfuta, suka ga in an dusashe hoton gaba ɗaya mutum sai ya ji kamar a hankali yake tafiya, sai ya ƙara wuta. A 2012 wasu a Jamus suka sake gwajin da hazo irin na gaske, wanda kusa a fili nesa a rufe, suka samu akasin haka, mutane ji suke suna gudu da yawa sai su rage. Ƙurar hunturu wanne ta fi kama da shi a cikin biyun? Ga tambayar digiri na biyu nan na ba ki kyauta.

Abu na ƙarshe, kar ki dogara da gurbin "dalilin hatsari" a takardun. A rahotannin ƙasa da ake bugawa daga bayanan 'yan Road Safety akwai gurbin rashin kyan yanayi, amma kullum gudun wuce sa'a ne a sama shi kuma yana can ƙasa, don jami'in da ya zo bayan awa ɗaya titi ya bushe, abin da zai gani mota ce ta ƙwace, sai ya rubuta ƙwacewa ko gudu, kuma bai yi ƙarya ba. Ke ce za ki ɗauki rana da lokaci ki haɗa da bayanan ruwa. Tashar NiMet ta filin jirgin Kano ba za ta faɗa miki abin da ya sauka a Jaji ba, kin san ruwanmu, ana tafka shi a Kura a Chiromawa rana ake. Ki gwada cibiyar binciken noma ta Samaru don ɓangaren Zariya, sannan akwai CHIRPS da IMERG, bayanan tauraron ɗan adam ne kyauta a intanet, na biyun ma duk rabin awa yake bayarwa.

Dan_Maradi_Asali

Salamu alaikum mutanen Najeriya, ku ba mu wuri mu ma mu sa baki. Ƙanwata, ni ɗan kasuwa ne ina bin hanyar Maraɗi zuwa Yamai kusan duk wata, kuma abin da ni gani duk bayanin Injiniya na titin da ke nan ne ya jiƙe. Mu wajenmu wani zubin titin ne gaba ɗai ka tashi ka tarar babu shi.

A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 a Sorey, nan ƙofar Yamai ta wajen Doso, ya kuma yanke wadda ta nufi Filinge, babban birni ya zan kamar tsibiri. Ina cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Manyan motoci sunka yi layi iya ganinka, mu kuwa da jirgin kwale-kwale anka ƙetare da mu, kaya a kai, ka biya mota ka biya mai jirgi ka sake biyan wata mota a wancan gefen. Ina da buhunan albasa a cikin wata babbar mota, sai da sunka fara tsiro suna wari kafin su shiga gari, wannan asara ba ta cikin lissafin hatsari na kowa. A watan nan dai ku ma ruwa ya cinye hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, ga kuma abin da madatsar Alau ta yi ma Maiduguri a Satumba. To ki duba, ranar da hanya ta yanke takarda za ta nuna hatsari sifili a wurin, sai mai karatu ya ce kai wannan rana ta yi kyau, alhali ko keke bai wuce ba. Maganar Baba ce ta dawo, ki ƙirga masu wucewa.

Sai kuma wuraren da ba a yi gada ba, kankare ne anka shimfiɗa a cikin ƙorama ruwa ya bi ta kai. Da rani yashi ne busasshe yara na wasa a ciki. Ruwan da zai cika ta ma ba lalle a wurin anka yi shi ba, can nesa ya sauka, kai kana cikin rana sai ka iske ta kawo, ja wur tana gudu. Direba ya tsaya ya duba ya ce ai jiya na wuce, fasinja masu sauri su zuga shi. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 ya isa ya ɗaga ƙaramar mota, wannan bai ko kai gwiwa ba fa. Ni dai in direba ya ce zai shiga, sauka nikai in ba shi jakata ya wuce da ita, in ya kai sai in biyo.

Kuma ku ƙara da iskar da ke zuwa gaban ruwan farkon damana, wadda za ka hango jan bango ya taso daga gabas, cikin minti kaɗan rana tsaka ta koma dare. Wannan ta fi hazon hunturu nesa ba kusa ba, sai dai ba ta daɗewa.

Auwalu_Mai_Faci

Kowa ya yi maganar ruwa da hazo an manta da zafi, to ni sana'ata faci ce a bakin babban titi kuma ba lokacin da nake ganin taya ta yi bindiga irin Maris da Afrilu. Kwalta ta ɗau zafi ko takalmi ka taka sai ka ji a tafin ƙafa, mota an yi mata lodi ya wuce ƙa'ida, mutum huɗu a layi buhu a but buhu a sama, taya kuma 'yar Beljiyam wadda ta gama rayuwarta a Turai aka kawo mana ta yi ritaya a nan. Abin da yake ban haushi sai direba ya zo ya ce Auwalu rage min iska zafi ake kar ta fashe. Oga ba haka ba ne!! Taya in iskarta ta yi ƙasa gefenta ne yake ta lanƙwashewa yana miƙewa duk juyi, nan take ɗaukar zafi har wayoyin ciki su saki. Na gaji da faɗa, wani in ka ƙi sai ya tsallaka wajen na gaba a rage masa. A sa geji da safe taya tana sanyi, a bi lambar da ke jikin ƙofar direba, shikenan.

Anti ki sa wannan a binciken ki, a gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, in kin ga 2319 to sati na 23 ne na shekarar 2019 aka yi ta. Ki zaga tasha ɗaya ki duba taya hamsin ki rubuta, za ki sha mamaki. Tayar da ta tsallake bazara a suɗe kuma ita ce dai za ta shiga ruwan farkon da Baba yake faɗa ba zane ko kaɗan, sumul kamar kan jariri.

Ummin_Abba

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wlh kamar an cire min ƙaya. Baba na gode Allah ya ƙara lafiya ya tsare hanya, maganarka ta "kin ƙirga waɗanda suka faɗi ba ki ƙirga waɗanda suka bi hanyar ba" da izininka sai ta shiga babi na ɗaya. Yaya Injiniya matsalata yanzu bayanan da ke hannuna na wata-wata ne, sai na koma na roƙi na rana-rana da lokaci, in an samu alhamdulillah. Yawan motocin kuma ban san inda zan samo na shekarun baya ba, ko in je in zauna bakin titi in ƙirga da kaina? Sannan abin da Malam Auwalu ya faɗa na iskar taya yana da alaƙa da santsin ruwa ko zafi kawai ya shafa?

Injiniya_MK

Yana da alaƙa sosai. In ruwa ya kwanta a titi akwai gudun da in an kai shi taya ba ta iya ture ruwan, sai ta hau kansa ta rabu da kwalta, birki da sitiyari duk su zama ado. Injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun yi lissafinsa tun 1963 saboda jirage masu sauka a jiƙaƙƙen fili, kuma abin da ya fito shi ne gudun ya danganta da iskar taya. Taya mai iska 32 a geji tana fara hawa ruwa wajen kilomita 94 a awa, in an rage ta zuwa 24 sai ya sauko wajen 80, wannan in ruwan ya taru sosai kenan, suɗaɗɗiyar taya kuwa ko ruwan bai kai haka ba za ta tafi. Wato wanda ya rage iska a Afrilu ya manta bai mayar ba ya shirya wa kansa tarko a Yuni. Shi ya sa ma kamfanonin taya suke cewa in biyu kawai za ka iya saya sababbi, a baya za ka sa su, don in gaba ya zame kana iya gyarawa, in baya ya zame sai juyi irin na Baba.

Ƙirga motoci kuwa dabarar Talata da Talata an yi ta ne daidai don wanda ba shi da wannan lissafin. Amma ki yi naki ƙaramin ƙirgen, ki samu ƙannenki biyu ku zauna wuri ɗaya awa uku, ranar ruwa da ranar da ba ruwa, ku raba ƙananan motoci da bas da tirela da babura. Ki leƙa NITT, cibiyar fasahar sufuri da ke Zariya, ma ki tambaya ko akwai tsohon ƙirge a laburarensu.

Baba_Mai_Sharon

Injiniya duk na yarda da maganarka amma banda ta taya. Ni sabuwa gaba nake sa ta kuma gaba zan ci gaba da sa ta, don na ga abin da fashewar tayar gaba take yi wa mota mai mutum goma a kan gudu, Bature bai taɓa jan Sharon da lodi a zafin Afrilu ba. In Allah ya hore a sayi huɗun a huta da gardama.

'Yata in za ki ƙirga motoci kar ki zauna a Kwanar Ɗangora, masu tsayawa sun yi yawa za su rikita ki, ki ɗan wuce gaba inda mota take a kan gudunta, kuma ki zauna nesa da kwalta sosai ba a bakin ta ba. Ki zo Unguwa Uku da safe kafin ƙarfe bakwai ki tambayi layin Kaduna, zan sauke ku ke da ƙannen naki a wurin ba sai kun biya ba, in na juyo da la'asar na kwashe ku. Ku taho da lema da ruwan sha. Kai kuma mai tambayar kaji, ɗaya ta fita ta taga ba mu sake ganinta ba, ni na biya kuɗinta.